Godogodo a Idon Cibiyoyin Nazarin Tsaro

Cibiyar nazarin manufofin ƙetare wuri ne da ake tara masana domin su bi diddigin al'amuran yaƙi da zaman lafiya da hulɗar ƙasashe, su rubuta abin da suka gano, sannan su miƙa shawara ga masu mulki. Ba ta da soja, ba ta da kotu, ba ta kuma zartar da doka. Jarinta duka shi ne bayanin da ta tara da kuma yardar da ake yi wa maganarta. Irin waɗannan cibiyoyi sun bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da waɗanda suka halarci taron sulhu na Paris a 1919 suka ga cewa shugabanni na yanke hukunci a kan ƙasashen da ba su sani ba. Daga nan aka kafa Chatham House a Landan a 1920, da Council on Foreign Relations a New York a 1921. International Crisis Group, wadda ta yi rubuce-rubuce da yawa a kan rikicin manoma da makiyaya a Najeriya, ta zo ne a 1995, bayan duniya ta zuba ido an yi ɓarna a Somaliya da Bosniya da Ruwanda, kuma hedikwatarta na Brussels a ƙasar Beljiyam.

Najeriya ma tana da nata. A 1961 aka kafa Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje ta NIIA a Legas, wadda Bolaji Akinyemi da Ibrahim Gambari suka shugabanta kafin kowannensu ya riƙe muƙamin ministan harkokin waje. Akwai cibiyar NIPSS ta nazarin manufofi da dabarun ƙasa da ke Kuru kusa da Jos tun 1979, sai cibiyar IPCR ta nazarin zaman lafiya da warware rikici da aka buɗe a Abuja a shekarar 2000, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. A ɓangaren masu zaman kansu akwai cibiyar CDD ta nazarin dimokuraɗiyya da ci gaba, wadda aka kafa a 1997 a zamanin mulkin soja, da Cibiyar Kukah, wadda mai ita, Bishop Matthew Hassan Kukah, ɗan ƙaramar hukumar Zangon Kataf ne.

Mai karatu zai iya tambayar me ya haɗa waɗannan manyan cibiyoyi da Godogodo, ƙaramin gari a ƙaramar hukumar Jema'a kusa da Gidan Waya. Amsar tana cikin ma'anar tsaron yanki. Shanu ba su san iyakar ƙasa ba, bindiga ma haka. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince 'yan ƙasashensu su riƙa shige da fice ba tare da biza ba, a 1998 kuma suka ƙulla wata yarjejeniya ta musamman kan ƙaurar dabbobi, wadda ta tanadi takardar shaida ga kowane garke, da hanyoyin da zai bi, da lokacin shiga da fita. Kudancin Kaduna na tsakiyar wannan zirga-zirga: ƙasa ce mai ruwa da ciyawa, garkunan da ke gangarowa kudu da rani suna ratsa ta, haka kuma idan suna komawa arewa a gabanin damina. Bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 makamai suka ƙara yawa a Sahel, satar shanu kuma ta zama sana'ar masu ɗauke da manyan bindigogi a dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari. Saboda haka mai nazarin da ke zaune a Dakar ko Brussels yana kallon abin da ya faru a wani ƙauye na Jema'a a matsayin ɓangare na matsalar da ta taso daga Mali har zuwa Kamaru.

Abin da ya sa sunan Godogodo ya shiga rahotanni shi ne tashin hankalin 2016. Yawancin masu ba da labari sun haɗu a kan cewa wutar ta kama ne a watan Mayu a ƙauyen Ninte, daga saɓani tsakanin manomi da makiyaya kan ɓarnar gona, ko da yake kowane ɓangare na da nasa bayanin game da wanda ya fara zubar da jini. A watan Agusta hare-hare suka bazu zuwa Gada Biyu da ƙauyukan kewaye, waɗanda suka tsira da yawa suka fake a Godogodo. Garin da kansa aka far masa a ƙarshen Satumba, aka sake komowa a tsakiyar Oktoba, aka kashe mutane aka ƙona gidaje. An kuma tare matafiya a kan hanya an hallaka su da sunan ramuwar gayya. Gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita a Jema'a da Kaura da Zangon Kataf, amma duk da haka a jajibirin Kirsimeti aka kai wa ƙauyen Goska hari. A farkon 2017 kwamitin zaman lafiya na ƙasa da Janar Abdulsalami Abubakar ke jagoranta ya shiga tsakani, sojoji kuma suka ƙaddamar da atisayen Harbin Kunama na biyu a yankin.

Wannan duka ya zo ne a kan tsohon rauni. An yi rikicin Kafanchan a Maris 1987, wanda ya faro daga kwalejin horar da malamai ya bazu har Zariya da Funtuwa. An yi na Zangon Kataf a 1992 kan sauya wa kasuwa mazauni, an yi na 1999 kan naɗin sarkin Jema'a. Sai kuma tarzomar bayan zaɓen Afrilun 2011, wadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta ci rayuka fiye da 800 a arewa cikin kwana uku. A kudancin Kaduna abin ya fi muni a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, inda akasarin waɗanda aka kashe Musulmi ne, alhali a garuruwan arewacin jihar da maƙwabta Kiristoci da coci-cocinsu aka far wa. Babu wata al'umma a yankin da ba ta da kaburburan da take nunawa.

Aikin cibiya irin su Crisis Group yana farawa ne da tattaki. Mai bincike zai zauna da hakimai da arɗo-arɗo, da limamai da fastoci, da jami'an tsaro, da shugabannin ƙungiyar SOKAPU ta al'ummomin kudancin Kaduna da na ƙungiyar makiyaya ta Miyetti Allah, da mutanen da ke sansanin gudun hijira. Yawanci ba a bayyana sunan wanda aka zanta da shi, domin ya saki jiki ya faɗi abin da ba zai faɗa a gaban jama'a ba. Daga nan a auna maganganun da juna, a haɗa da tsofaffin takardu, a fitar da rahoto mai ɗauke da shawarwari, kowace an ambaci hukumar da ake nufi da ita. Sai kuma zawarcin masu iko: a kai rahoton fadar gwamnati, da ofisoshin jakadanci, da hukumar ECOWAS, a yi hira da 'yan jarida.

Rahoton da Crisis Group ta fitar a Satumba 2017 ya ƙiyasta cewa rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka kimanin 2,500 a Najeriya a 2016. Ya danganta shi da fari da kwararowar hamada, da cinye burtali da wuraren kiwo, da satar shanu, da yaɗuwar noman rani a fadamun da a da nan dabbobi ke shan ruwa, da barin kiwo a hannun yara ƙanana waɗanda ba su iya sasanci ba, da kuma raunin da ya kama ikon dagatai da arɗo-arɗo. Ya tuna cewa a cikin wuraren kiwo 415 da aka ware tun bayan dokar Jihar Arewa ta 1965, waɗanda aka yi wa cikakkiyar rajista ba su kai rabi ba. Ya nemi a ƙarfafa tsaro a karkara, a farfaɗo da kwamitocin sulhu, a gyara harkar kiwo, a kuma haɗa kai da Nijar da Chadi da Kamaru. Wani rahoton na Yuli 2018 ya ce an kashe fiye da mutum 1,300 a wata shida na farkon shekarar, wato kusan ninki shida na fararen hular da Boko Haram ta kashe a daidai lokacin. Wannan kwatanci ya yi tasiri ƙwarai, domin har zuwa lokacin ƙasashen waje arewa maso gabas kaɗai suke kallo.

Ƙidayar gawa ita ce wuri mafi santsi a wannan sana'a, kuma kudancin Kaduna ya nuna haka a fili. A ƙarshen Disamba 2016 cocin Katolika na Kafanchan ya ce an kashe mutum 808 a ƙauyuka 53. Bayan 'yan makonni hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce 204. Tazarar ba lallai ta zama ƙarya daga wani ɓangare ba: lokacin da kowa ya ƙidaya ya bambanta, ƙananan hukumomin da aka haɗa sun bambanta, haka ma hanyar tattara sunaye. Amma mai nazari dole ya zaɓi abin da zai rubuta, kuma duk lambar da ya ɗauka wani zai ce ya ɗauki ɓangare. Rumbunan alƙaluma irin su ACLED, da wanda Council on Foreign Relations ta buɗe kan Najeriya daga 2011, da Nigeria Watch na Ibadan, sun dogara sosai da labaran jaridu. Harin da aka kai kusa da titi, a garin da ke da waya da mai magana da yawunsa, zai shiga lissafi. Rugar da aka ƙona a cikin daji, ko manomin da aka sare shi kaɗai a gona, sau da yawa babu wanda zai rubuta. Cibiya mai mutunci tana faɗin inda ta samo lambarta da kuma inda take da rauni. Da zarar ta ɓoye wannan, alƙalumanta sun zama makami a hannun masu neman hujjar ɗaukar fansa.

Sunan da aka raɗa wa rikici ma yana da nauyi irin na lamba. A 2015 wata cibiya da ke Sydney a Ostireliya, mai fitar da ma'aunin ta'addanci na duniya duk shekara, ta sa abin da ta kira mayaƙan Fulani a matsayi na huɗu cikin ƙungiyoyin da suka fi kisa a duniya, ta ɗora musu rayuka 1,229 a 2014. Babu wata ƙungiya guda mai wannan suna, mai shugaba da manufa. An tattara hare-haren ɓarayin shanu da na masu ramuwa da rigingimun gona an zuba su a tukunya ɗaya, aka liƙa musu sunan ƙabila mai mutane miliyoyi. Masana da dama sun soki wannan, amma maganar ta riga ta shiga bakin 'yan siyasa da jaridu, har yau ana maimaita ta. A ɗaya gefen, mutanen ƙauyukan Jema'a da Kaura suna jin zafin kalmar arangama, kuma suna da hujja: idan aka zo wa mutum da dare aka kashe iyalinsa suna barci, ba a yi arangama ba, hari aka kai. Su a wurinsu lamarin ƙwace ƙasa ne da ƙoƙarin shafe al'umma. A Yuni 2020 wasu 'yan majalisar Birtaniya suka fitar da rahoto suna tambayar ko kisan ƙare dangi ne ke gudana, a Disamban shekarar kuma Amurka ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini, ta cire ta a Nuwamba 2021, ta kuma mayar da ita a ƙarshen Oktoba 2025. Kalmar da aka zaɓa a takarda tana iya kaiwa ga takunkumi, ko sayen makamai, ko janye tallafi. Hanya mafi adalci ita ce a bayyana kowane hari da siffarsa, wa ya kai, a kan wa, da wane dalili, maimakon a nemi suna ɗaya da zai rufe duka.

Batun baƙin makiyaya daga ƙetare shi ne inda nazarin tsaron yanki ya fi taɓa Godogodo kai tsaye. A 2015 gwamnatin Nasir El-Rufai ta jihar Kaduna ta kafa kwamitin binciken kashe-kashen yankin a ƙarƙashin Janar Martin Luther Agwai, ɗan yankin, tsohon babban hafsan tsaron ƙasa wanda ya taɓa jagorantar dakarun kiyaye zaman lafiya a Darfur. A Disamba 2016 gwamnan ya bayyana cewa binciken ya gano tushen hare-haren a 2011: makiyaya daga Nijar da Kamaru da Chadi da Mali da Senegal suna kan hanyar komawa gida tarzomar zaɓe ta rutsa da su, aka kashe wasu aka hallaka shanunsu, shi ne suke dawowa ɗaukar fansa. Ya ce gwamnatinsa ta bi sawun wasunsu har ƙasashensu, aikin da marigayi Gwamna Patrick Yakowa ya fara, ta roƙe su su yafe, ta biya waɗanda suka nemi diyya. Shugabannin kudancin Kaduna suka yi tir da wannan, suna cewa an saka wa masu kisa da kuɗi maimakon a gurfanar da su.

Bayanin na da ƙamshin gaskiya, sai dai bai isa ya ɗauki dukkan nauyin ba. Fulani ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Masarautar Jema'a ta kafu tun farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Zazzau, kuma a shekarun 1980 masu binciken cibiyar dabbobi ta ILCA da suka yi aiki a Abet da Kurmin Biri sun rubuta yadda Fulani mazauna ke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da manoman Bajju da Kamantan, shanu su ci karan gona su bar taki. Abin da ya ɓata wannan zama yawancinsa na cikin gida ne: ƙaruwar jama'a, darajar fili ga mai noman citta da masara, takin zamani da ya rage buƙatar na shanu, gardamar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, da tsohon ƙorafin ƙabilun yankin kan mulkin sarakunan da Turawa suka ɗora a kansu. Ɗora laifi a kan baƙi daga ƙetare yana yi wa kowace gwamnati daɗi, domin wanda ke wata ƙasa ba a iya kamo shi. Nazarin da ya san abin da yake yi yakan riƙe duka biyun, ya nuna yadda makami da mayaƙin haya daga nesa ke shigowa cikin rigimar da maƙwabta suka riga suka fara.

Wata cibiyar ba ta tsaya ga rubutu ba. Centre for Humanitarian Dialogue ta Geneva, bayan ta yi aikin sulhu a Jos, ta tara wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Sanga da Kachia da Kaura da Zangon Kataf da Jema'a, a ƙarƙashin jagorancin Alice Wairimu Nderitu 'yar ƙasar Kenya. Kowace al'umma ta kawo ƙorafinta, an sa mata da matasa a cikin wakilai, kuma ranar 23 ga Maris 2016 aka sa hannu a kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan. Wata biyu bayan haka Ninte ta kama da wuta. Masu suka sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa aikin banza aka yi, amma hukuncin ya yi tsauri. Waɗanda suka zauna a teburin dattawa ne da shugabannin al'umma, masu riƙe da bindiga ba su zo ba, kuma alkawuran da suka shafi gwamnati, irin su hukunta masu laifi da mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, ba a hannun masu sa hannun suke ba. Abin da zaman ya bari shi ne mutanen da suka san juna, waɗanda za su iya kiran juna a waya idan jita-jita ta tashi, da kuma rubutaccen bayanin abin da ke ci wa kowace al'umma tuwo a ƙwarya.

Tsakanin shawara da aiwatarwa ne yawancin rahotanni ke mutuwa. An samu wasu sakamako: jihar Kaduna ta kafa hukumar zaman lafiya a 2017, an ƙara sansanonin tsaro a Kafanchan da kewaye, a Janairu 2019 kuma majalisar tattalin arziki ta ƙasa ta amince da shirin shekara goma na sauya fasalin kiwo. Amma a tsakiyar shekarar wani shiri daban mai suna Ruga ya jawo ce-ce-ku-ce har aka dakatar da shi a Yuli, ƙurar kuma ta shafi babban shirin. Da Crisis Group ta waiwayi lamarin a Mayu 2021, ta tarar ko gonar kiwo ɗaya ba a kammala ba. Shawarar da kusan kowane rahoto ke maimaitawa, wato a kama masu kisa a yi musu shari'a a bainar jama'a, ita ce wadda aka fi yin watsi da ita. Wannan kuma tsohuwar ɗabi'a ce: hukumar binciken Mai Shari'a Rahila Cudjoe ta binciki rikicin Zangon Kataf a 1992, amma sai a 2020 gwamnatin jihar ta kafa kwamitin da zai rubuta matsayarta a kan rahoton, shekara 28 bayan nan. Cibiyar nazari ba ta da ikon tilasta wa kowa. Abin da take iya yi, kuma ya kamata ta fi ba shi ƙarfi, shi ne ta riƙa komawa tana lissafa wa hukuma alkawuran da ta ɗauka da waɗanda ta cika.

Akwai tambayoyi biyu da ya dace a riƙa yi wa cibiyoyin su kansu. Ta farko ita ce wa ke biya. Manyan na ƙetare suna samun kuɗi daga gwamnatocin Turai da gidauniyoyi, kuma ko da ba a gaya wa mai bincike abin da zai rubuta ba, mai ba da kuɗi ne ke nuna inda hankali zai karkata. Shi ya sa abin da ya shafi ta'addanci da ƙaura zuwa Turai ke samun masu nazari fiye da rigimar iyakar gona. Na gwamnati kuwa suna fama da ƙarancin kuɗi, kuma da wuya su fito su soki wanda ya naɗa shugabanninsu. Ta biyu ita ce wa ke karantawa. Kusan dukkan rahotannin da Turanci ake buga su, wasu da Faransanci. Manomin Godogodo da makiyayin yankin, waɗanda daga bakinsu aka ɗebo bayanin, Hausa ce ta haɗa su a kasuwa, kuma ba kasafai abin da aka rubuta a kansu ke dawo musu ba, sai ɗan abin da suka tsinta a rediyo. Taƙaita rahoto da Hausa da Fulatanci a karanta wa waɗanda abin ya shafa ba zai ci kuɗi mai yawa ba, zai kuma ba su damar gyara inda aka yi musu kuskure.

Yanayin yankin ya sauya ƙwarai tun 2016, kuma wasu shawarwarin wancan lokaci an gina su ne a kan haɗin kan ECOWAS. Jamhuriyar Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare a ƙarshen 2019. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya kai ga rufe iyaka na tsawon watanni, a Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar, alhali su ne manyan ƙasashen da garkunan ke fitowa. A cikin gida, jihar Binuwai ta haramta kiwon sake tun Nuwamba 2017, wasu jihohin kudu suka bi sahu, abin da ke ƙara matsa dabbobi zuwa wurare irin su Nasarawa da kudancin Kaduna. Garkuwa da mutane don kuɗin fansa ta zama babbar barazana a Kachia da Kajuru da Kauru, tana cin manomi tana cin makiyayi. Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024. Tambayoyin da ke gaban masu nazari yanzu su ne matsayin yarjejeniyar 1998 bayan ficewar ƙasashen uku, da hanyar da za a riƙa musayar bayanan tsaro da Yamai, da kuma ko sabuwar ma'aikatar za ta iya shata burtali da wuraren kiwo da yardar al'ummomin da filayen ke hannunsu.